Tsuntsayen da ke ratsa gaban jirginmu a gaɓar Muritaniya, wa ya san su?

Sani Injiniya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina cikin jirgin dakon kaya, mun taso daga Las Palmas ta tsibiran Kanari za mu Tema ta Gana, yanzu muna daura da Muritaniya amma ba a hango ƙasa. Tun bayan asuba wasu manyan tsuntsaye ke ta ratsa gabanmu, cikinsu saura kaɗan ya taɓa ruwa. Bayansu ruwan ƙasa-ƙasa, cikinsu fari fat, kuma ba su cika kaɗa fiffike ba. Ga bidiyo nan, ku yi haƙuri, jirgi na rawa, wayar ma sai a hankali. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi baƙaƙe masu farin ƙugu da ke bin sawunmu ta baya.

Nura Kano: Wa alaikumus salam Yaya Sani. Na ciro hoto daga bidiyon na saka a manhajar gane tsuntsu. Ta ce gal ce, tsuntsuwar bakin teku da Turawa ke kira gull, wadda ba ta gama girma ba. Magana ta ƙare.

Malam Bala Jos: Ba ta ƙare ba, Nura, yanzu ma aka fara. Ka ajiye hoton ka koma ka kalli bidiyon da kansa. Gal tana tashi ne sama da ruwa sosai, tana kaɗa fiffike a kai a kai, tana waige-waige, in ta ga abinci ta yi birki ta sauko. Wannan fa? Ya kaɗa sau uku ko huɗu a kasalance, sai ya sanƙarar da fikafikansa, ƙarshensu ya ɗan rusuna ƙasa, ya zame a tsakanin igiyoyin ruwa. Ya karkata ka ga bayansa, ya sake karkatawa ka ga farin ciki. Babu gal ɗin da ke wannan tafiyar. Shafa-ruwa ne, na gidan Calonectris. Ga sababbin shigowa: a zauren nan shafa-ruwa muke ce wa su Calonectris da Puffinus, taka-ruwa ga ƙananan baƙaƙen nan, tsattsewar teku ga su Sterna, ɗan fashi kuma ga Stercorarius.

Nura Kano: To Malam ai launin ya yi daidai da na gal ɗin da manhajar ta nuna.

Malam Bala Jos: A teku launi shi ne na ƙarshe. Rana ta bugi tsuntsu mai ruwan toka sai ya koma fari, hadari ya rufe sai ya koma baƙi, ga nisa, ga jirgi na jijjiga. Abin da ba ya canzawa shi ne tashinsa. Yadda kake gane yayanka daga ƙarshen layi tun ba ka ga fuskarsa ba, daga takunsa kawai, haka ake gane waɗannan. Bayan tashi sai ka tambayi kanka ina nake, wane wata ake ciki. Sannan girma da sura. In duk ka gama da waɗannan, ka zo maganar launi.

Isuhu Dakar: Na yarda da Malam, Calonectris ne. Sai dai rigimar tana gaba, don uku ne a ruwan nan kuma a watan Oktoba dukkansu suna nan. Akwai na Cory, wanda ke ƙyanƙyasa a tsibiran Kanari da Madera da Azores da Selvagens. Akwai na Scopoli, ɗan Bahar Rum, wanda a wannan lokacin yake fitowa ta mashigin Jibralta, da yawansu kuma a nan gaɓar Muritaniya da Senegal suke cin sanyinsu. Sai na Kabo Berde, wanda mafi yawansa a ƙananan tsibiran Raso da Branco yake gida, yana zuwa kiwo gaɓar Senegal kafin ya tsallaka ruwan Birazil. Yaya Sani, bakin wane launi ne?

Sani Injiniya: Wanda ya zo kusa, na kalle shi da madubin hangen nesa na ɗakin tuƙi. Bakin rawaya ne, kakkaura, da ɗan baƙi wajen ƙarshe.

Isuhu Dakar: To na Kabo Berde ya fita. Shi bakinsa siriri ne mai ruwan toka, jikinsa ya fi ƙanƙanta, kansa ya fi duhu. Saura biyu. Ni dai na ce na Cory ne, ganin kwana kaɗan ke nan da barin Kanari, kuma iyayen da ke ciyar da 'ya'ya a can nan suke zuwa neman kifi.

Malam Bala Jos: A'a Isuhu, wannan ƙiyasi ne, ba gani ba. Bambancin Cory da Scopoli yana ƙarƙashin fiffike, can wajen tsinin. Na Cory dogayen gashin ƙarshe baƙi ne gaba ɗaya, iyakar fari da baƙi a zagaye take. Na Scopoli farin yana kutsawa cikin baƙin, tsiri-tsiri, kusan har tsakiyar gashin. A bidiyon nan ko mai idon mikiya ba zai ga haka ba. A rubuta Calonectris mai rawayan baki, Cory ko Scopoli, a tsaya nan.

Isuhu Dakar: Malam in haka ne rabin littafinmu na ƙidaya "ko wannan ko wancan" zai zama.

Malam Bala Jos: Ya zama ɗin. Wanda zai ɗauki littafinka nan da shekara ashirin ya yi aiki da shi, gara ya tarar da "ko" na gaskiya da ya tarar da suna na kintace.

Malama Hadiza Zariya: Ni tambayata daban ce. Malam Sani ya ce tun asuba suke wucewa ba yankewa. Me ya tara su a wannan wurin, alhali teku ga ta nan iya ganinka?

Isuhu Dakar: Iska ce, Malama. Iskar arewa maso gabas tana ture ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, yana ɗauke da abin da ƙananan halittun ruwa ke ci. Kifi ya taru, tsuntsu ya biyo. Wajen Nuwadibu, a arewacin Muritaniya, wannan tasowar ba ta tsayawa duk shekara, mu nan Senegal sai da sanyi zuwa bazara. Shi ya sa jiragen kamun kifi na ƙasashen waje ma can suke cincirindo. Yaya Sani zai lura, da zarar sun bar bakin tudun ƙarƙashin teku sun shiga ruwa mai zurfi mai ɗumi, sai su yi sa'o'i ba su ga ko tsuntsu ɗaya ba.

Sani Injiniya: Wallahi haka ne, ko a ɗakin inji muna ganin ruwan da muke ja don sanyaya inji yana sauka a ma'auni idan mun iso nan. Amma ku tsaya, ga wani sabon labari. Daren jiya ɗaya daga cikin ƙananan baƙaƙen ya faɗo saman jirgi kusa da fitila. Wani abokin aikinmu ya tsince shi a bayan igiyoyi, ya kasa tashi, tafiya ma da ƙyar yake jan jiki. Yana cikin kwali yanzu. Wari gare shi, wani irin warin mai da ya kama mini hannu har yanzu, kuma da na ɗauke shi ya amayo wani mai ja-ja a rigata.

Malam Bala Jos: Alhamdu lillahi, ka samu abin da mutane ke biyan kuɗi su shiga teku nema. Kada ka ba shi ruwa ko abinci. Ka huda kwalin, ka ajiye shi wuri mai duhu da shiru. Kafin ka sake shi duba mini abu huɗu: wutsiya a tsage take ko a daidaice; farin ƙugu tsantsa ne ko akwai layi a tsakiya; fatar tsakanin yatsu wane launi; sannan ka buɗe fiffike ka ga ko akwai farin layi a ƙarƙashi.

Sani Injiniya: Na duba. Wutsiya a tsage take, tsagi sosai. Farin ƙugun akwai wani layi mai ruwan toka da ya raba shi biyu. Ƙafa baƙa ƙirin har fatar, kuma gajera ce. Ƙarƙashin fiffike ba fari, amma a sama akwai wani faffaɗan layi mai haske da ya taso daga kafaɗa. A kan bakinsa akwai wani ɗan bututu. Bai fi tafin hannuna ba in ya naɗe, nauyi kuwa sai ka ce ba ka riƙe komai ba.

Malam Bala Jos: Taka-ruwan Leach ke nan, ba ko shakka. Wannan yanzu ka rubuta sunansa da babban baƙi. Wataƙila daga Kanada ya taso, don mafi girman mazauninsu yana tsibirin Baccalieu a Newfoundland, akwai kuma wasu a St Kilda ta Sikotilan. Yawansu na raguwa, tun 2016 aka saka shi cikin jerin halittun duniya masu rauni, wato masu fuskantar barazanar ƙarewa. Ka sake shi ta gefen jirgi inda babu hasken fitila, ka ɗaga shi a buɗaɗɗen tafi ya tashi da kansa, kar ka jefa shi.

Amma ka lura, masu bin sawun jirginku da rana ba lalle su zama irinsa ba. Na Leach bai cika bin jirgi ba, tashinsa kuma tsalle-tsalle ne, ya yi nan ya yi can, da dogayen fikafikai masu lanƙwasa. Masu bin sawu galibi biyu ne. Na Wilson, ɗan Antatika, ƙafafunsa dogaye har suna leƙowa bayan wutsiya, fatar yatsunsa rawaya, in yana kiwo sai ya ɗaga fiffike yana taka ruwa da ƙafa. Na Turai shi ne ƙaraminsu, fiffikawa yake ba hutawa, wutsiya a daidaice, da farin layi ƙarƙashin fiffike.

Malama Hadiza Zariya: Bututun da Malam Sani ya gani hancinsa ne, kuma shi ya haɗa taka-ruwa da shafa-ruwa gida ɗaya. Ruwan gishiri suke sha, akwai wasu 'yan ƙululu a saman idanunsu da ke tace gishirin ya fito ta hancin. Ga jin ƙanshi na ban mamaki, da shi suke gano abinci, da shi kuma da yawansu ke gane raminsu cikin dare. Man da ya amayo maka a tumbinsa yake tara shi, shi ne guzurinsa, shi yake ba ɗansa, shi ne kuma makaminsa in an taɓa shi. Rigar dai sai haƙuri.

Nura Kano: Ni fa har yanzu ban gamsu da yadda aka yi watsi da hoto ba. Malam da kansa ya ce bambancin Cory da Scopoli sai an ga ƙarƙashin fiffike. Wa zai ga wannan da ido tsuntsu na gudu? Ai sai kyamara. Ke nan ido ma yana da iyaka.

Malama Hadiza Zariya: A nan ina bayan Nura, Malam Bala ka yi haƙuri. Yawancin abin da ake taƙama da shi yau a kan waɗannan tsuntsaye na'ura ce ta kawo shi. Dubi tsattsewar teku ta Arktik. An daɗe da sanin tana zuwa Antatika, amma sai a binciken da aka wallafa a 2010, bayan an ɗaura wa wasu 'yan Girinlan na'urar da ba ta kai giram 2 ba, aka ga matsakaicin tafiyarsu a shekara ya kai kilomita 70,900. Aka ga suna yada zango kusan wata guda a tsakiyar arewacin Atalantika, sannan a kudu da Kabo Berde su rabu, wasu su bi gaɓar Afirka, wasu su tsallaka Birazil. Wane mai tsayuwa a bakin teku ne zai gano haka?

Malam Bala Jos: Malama ai ban ce a jefa kyamara a ruwa ba. Cewa na yi hoto guda da aka ciro daga bidiyo mai rawa ya zubar da abin da ya fi amfani, wato motsi, ya riƙe abin da ya fi yaudara. Manhajar Nura ba ta ga tashi ba, ba ta san watan ba, ba ta san jirgin yana kan ruwan Muritaniya ba. Tsari shi ne ido ya kai ka gida, kyamara ta nuna maka ɗaki. Wanda bai san Calonectris yake kallo ba, ina zai san ƙarƙashin fiffike ya kamata ya ɗauka?

Nura Kano: Wannan kuma na karɓa. Rabi.

Alhaji Tanko Tema: Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne, kifi nake saye a tashar Tema ina turawa arewa, amma tunda jirgin yaron nan wajenmu zai zo bari in sa baki. Lokacin kifin amane, daga Yuli zuwa Satumba, in kwalekwale suka dawo, waɗansu fararen tsuntsaye masu tsagaggiyar wutsiya suna rufe su, suna faɗawa ruwa da ka. Masunta ma da su suke gane inda kifi ya taso. Muna yara a bakin ruwa, yaran masunta suna kama su da tarkon zare, a binne a yashi a sa ɗan kifi. Wasu da zobe a ƙafa, na taɓa karanta ɗaya da idona, an rubuta London. Su wane ne waɗannan?

Malam Bala Jos: Barka da shigowa Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tsattsewar teku ce, kuma ba iri ɗaya ba ce. Mai girma da baki ruwan lemo, ta gaɓar Afirka ta Yamma ce, a Senegal da Gambiya da Muritaniya take ƙwai. Mai baƙin baki da ɗigon rawaya a tsini, da ɗan tukku a ƙeya, ta Sandwich ce daga Turai. 'Yar ƙarama mai ruwan toka da baƙin tabo a gefen ƙirji, wadda ba ta nutsewa sai dai ta tsinci abu a saman ruwa, ita ce baƙar tsattsewa cikin kayan sanyinta. Sai gama-gari, da kuma wadda aka fi damuwa da ita, Sterna dougallii, mai ɗan jan ƙirji lokacin aure. Mafi yawan na Turai a wani ɗan dutse suke ƙyanƙyasa, Rockabill, kusa da Dublin a Ayalan, kuma gaɓarku ce masaukinsu. Tarkon da ka ambata shi ya sa a 1985 gwamnatin Gana da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, RSPB, suka fara shirin ceton tsuntsayen gaɓa, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta. A 1992 aka saka tafkunan gaɓa biyar cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a duniya, har da Sakumo da ke nan maƙwabtanku.

Alhaji Tanko Tema: Ikon Allah. Sakumo da nake wucewa kullum. Amma kada a ga laifin yaran nan da yawa, ba wanda ya taɓa gaya musu tsuntsun daga wata ƙasa ya zo. Wasa ne a wurinsu. Da aka shiga makarantu ana bayani abin ya ragu ƙwarai.

Isuhu Dakar: Baba Alhaji ya kawo mu inda ake kuka. Raba gama-gari da ta Arktik a kaka shi ne ciwon kanmu a nan tsibirin Ngor, don lokacin da yawansu sun zubar da jan baki da baƙar hula. Abin da nake bi: ta Arktik kanta a dunƙule, wuya gajere, baki gajere, sai ka ga fiffiken ya matso gaba, wutsiya ta yi tsawo a baya. In ta bi ta samanka haske na ratsa gashin fiffiken duka, da siririn baƙin layi tsaf a gefe. Gama-gari kanta da bakinta sun fi tsawo, baƙin gefen fiffike ya fi faɗi kuma a dame yake, a sama akwai wani duhu da ya shigo tsakiyar gashin ƙarshe.

Malam Bala Jos: Ƙara da wannan, ya fi duk sauran amfani a watan nan. Gama-gari tana fara sauya gashin fiffike tun a hanya, za ka ga giɓi ko sabo da tsoho a haɗe. Ta Arktik ba ta taɓa nata sai ta isa ƙanƙarar kudu. Babba mai fiffike a yage a Oktoba, cire ta Arktik daga lissafi. A 'yan bana kuma dubi gefen baya na fiffike kusa da jiki: duhu a gama-gari, fari tas a ta Arktik.

Isuhu Dakar: Haka ne. Mu nan abin da muke jira shi ne iskar arewa maso yamma, ita ke matso su kusa da tsinin Almadies. Ranar da ta kaɗa ba ka da lokacin shan shayi. Makon jiya wata ta Sandwich ta kamo kifi, tana ɗagowa sai ga ɗan fashi ya taho ƙasa-ƙasa da ruwa, ƙirji a cike, tashi mai nauyi ba gaggawa. Yana isowa ya canza gudu. Ta yi sama ya bi ta, ta karkace ya karkace, farin da ke gindin gashin fiffikensa na walƙiya, har ta saki kifin, ya cafe tun bai kai ruwa ba. Da ya juya na ga gashin wutsiya biyu na tsakiya, dogaye, masu faɗin kai, a murɗe. Irin ɗan fashin da ake kira pomarinus ke nan. Na ɗan'uwansa parasiticus masu tsini ne, shi kuma ya fi siranta da zafin nama. Matsalar, da yawa sukan iso gashin ya karye, sai ka koma kan ƙirji da nauyin tashi. Wanda ba ya wahalar da kowa shi ne gal ɗin Sabine, fiffikensa kashi uku ne a yanke, baƙi, fari, toka, ko daga nesa. Yanzu suke wucewa zuwa ruwan Namibiya da Afirka ta Kudu.

Nura Kano: To mu da ke Kano fa, sai dai mu yi ta kallon bidiyonku?

Malam Bala Jos: Wa ya ce? Je ka dausayin Haɗeja da Nguru da sanyi. Akwai 'yan'uwan baƙar tsattsewa biyu da ke bin ruwan daɗi, mai farin fiffike da mai saje, kana iya yini kana kallon yadda suke tsintar ƙwari a saman ruwa. Duka biyun ba su da baƙin tabon gefen ƙirjin nan. Wanda ya ƙware a kansu, ranar da ya tsaya a Legas ko Tema ya ga mai tabo, nan take zai san baƙuwar ido ce. Ka tafi da littafi da biro, ka rubuta abin da ka gani kafin ka buɗe waya.

Usman Bur Sudan: Jama'a duk kun tare a Atalantika, mu na Bahar Maliya fa? A tasharmu akwai gal iri biyu masu duhu, kullum suna kan kwalekwalen masunta, ni duk ɗaya nake ganinsu.

Isuhu Dakar: Naku ai da sauƙi, Malam Usman, tunda zama suke a gabanka. Dubi baki. Ɗaya bakinta dogo ne siriri, ja mai duhu da baƙin tsini, kai baƙi ƙirin, da farin baka sama da ƙasan ido, baya ruwan toka. Wannan a Bahar Maliya da mashigin Adan kawai take ƙwai. Ɗayar ruwan ƙasa ce, bakinta kakkaura, kore-kore mai rawaya, da baƙin zobe sannan ja a tsini, farin idon kuma galibi a sama kaɗai yake. Ita takan gangara har gaɓar Kenya da Tanzaniya.

Usman Bur Sudan: Madalla. Waɗanda ba su da baƙin kai fa, masu dabbare-dabbare?

Isuhu Dakar: 'Yan bana ne ko na bara. Launin baki bai nuna ba tukuna, amma siffarsa tana nan, siriri ko kakkaura. Ka ɗauko su a gefe, ba ta gaba ba, ka buɗe musu sabon zare don kada su ɓace a cikin wannan.